Ƙunshin da na yi wa Haoua

Haoua 'yar Damagaram ce, kuma duk ɗan kasuwar da yunwa ta taɓa kamawa a lungunan unguwar Naif a Dubai ya san tuwonta. Ɗaki ɗaya muke haya a Al Ras, ita tana girki, ni ina yi wa mata ƙunshi. Bizar wata biyu ta kawo ta Dubai, ta shekara huɗu a kanta.

Ban taɓa ganin matsoraciya irinta ba. Ko motar asibiti ce ta yi jiniya, sai ta saki muciya ta shige banɗaki. Haƙori ya taɓa kumbura mata fuska mako guda, ta ƙi zuwa wurin likita don kada a tambayi takarda, ta yi ta cusa kanumfari. Nakan tsokane ta, amma ni bizata da ranta, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata rana muka ji a rediyo gwamnatin Ireland tana kai gwauro tana kai mari a Amurka, tana neman a gyara doka saboda 'yan ƙasarta marasa takarda. Haoua ta tsaya da ludayi a hannu. "Waɗannan suna da iyaye," ta ce. "Mu wa zai yi mana magana?"

Sai ga afuwa a nan Dubai a 2007: mara takarda ya kai kansa, a ɗauki hoton yatsunsa, ya tafi gida ba ɗauri. Lokacin 'yarta Sadia can gida na da tsohon ciki na fari, kuma Haoua ta rantse ba mai yi mata wankan jego sai ita. Duk da haka ta kasa zuwa. "Maimuna, in tarko ne fa?" Ta yi ta jan ƙafa har saura kwana huɗu a rufe.

A nan na tafka wautata. Na ce mace ba ta koma gida da farin hannu kamar mai takaba. Na zaunar da ita, na dambara mata lalle har gaɓa biyu, na bi da baƙin lalle, ina yaba kaina.

Washegari na raka ta. Jami'in ya ɗora yatsanta a na'ura, ya goge gilashin, ya sake, har ya gwada duk goman. Ya ce cikin taushin murya, "Hajja, lalle ne. Ki dawo in ya fita." Ni kuwa na san lallena ba ya fita a kwana uku.

Muna komawa ɗaki Haoua ta hau goge yatsunta. Ta sa lemun tsami, ta sa omo, ta koma dutsen goge kaushi. Na riƙe hannunta ina roƙo, ta fizge. Ranar ƙarshe lallen ya tafi, amma ya tafi da fatar. Na'ura ba ta ga abin karantawa ba, aka rufe afuwa tana nan.

Bayan kwana tara aka kira waya, Sadia ta sauka lafiya. Haoua ta riƙe wayar da tafin hannu, don yatsun na naɗe da tsumma. Ta saurari kukan jaririyar har ta yi shiru, sannan ta tambaya a hankali, "To, wa ke dafa mata ruwan?"