Ranar da Aka Kira Alkasim Miskini

Alkasim mutumin Tawa ne, ta ƙasar Nijar. Ya zo aikin hajji a 1978, aka gama, abokan tafiyarsa suka hau jirgi, shi kuwa ya ce bari ya ɗan taɓa aiki a Jidda kafin ya bi su. Wannan ɗan taɓawar ita ta cinye masa ƙuruciya. Ya kama ɗaki a unguwar Nuzla, ya auri Rakia, ya samu aiki a wata masana'anta da ke yanka ruham, farin dutsen nan mai sheƙi da ake shimfiɗawa a daɓen masallatai da gidajen masu hali. Da sassafe mota ta kwashe shi da sauran ma'aikata, da yamma ta dawo da su fari fat har gira.

Daga tsibirin Sisili na Italiya ake kawo dutsen, kuma shugaban aikinsu na farko ɗan can ne, Vito, wanda bakin Alkasim ya mai da shi Bito. Gajere ne, ga masifa ga kyauta. Larabcinsa karyayye, na Alkasim ma a lokacin bai fi nasa ba, suka haɗa karyayyu biyu suka ƙulla abota. In an sauke ƙaton dutse, Bito yakan shafa shi ya ce, "Wannan daga bayan gidanmu yake." Bayan ya koma ƙauyensu bai yanke zumunci ba. Duk Sallah sai ya bugo waya, kuma maganar ɗaya ce: ka zo ka gani.

Abin ya zauna a ran Alkasim. Tunda yake bai taɓa shiga wani gari ba sai da dalilin ciki, kuma ko'ina ya shiga ma'aikaci aka ɗauke shi. Yana so, ko sau ɗaya ne, ya sauka a wani wuri a ce masa baƙo. Da ya ajiye aiki a 2008 ya faɗa wa Rakia.

"Yawon buɗe ido, Malam?" in ji ta. "Kai da idonka ya cika da ƙura? Halas, tahi. Amma ba ka zuwa gidan mutane hannu banza."

Bito ya aiko da gayyata, aka sha wahalar biza har aka samu. Rakia ta cika jaka da dabinon Madina, ta goge masa farar jallabiya.

Abu ɗaya ya ƙi yi, wato faɗa wa Bito ranar isowa. A tarbiyyar da ya tashi da ita, sanar da rana ɗora wa mai gida wahala ne, mutumin kirki sallama kawai yake yi a ƙofa. Sai ga shi motar safa ta sauke shi a gindin ƙauyen da tsakar rana, lokacin da mutanen wurin ke rufe ƙofa su kwanta. Ƙauyen manne yake a jikin dutse, gida bisa gida, hanyarsa duk matakala. Ya yi ta hawa da jaka a kafaɗa, yana sallama ba mai amsawa, sai kyanwoyi. Da ya kai fili a gaban cocinsu sai ya zube a bakin famfo yana haki, jallabiyar da Rakia ta goge ta jiƙe sharkaf da gumi.

Wata taga ta buɗe. Can sai ga wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, ta dube shi, ta dafe ƙirji ta ce, "Miskinu!" Ta kira maƙwabciyarta, ita ma ta ce, "Miskinu!" Ta koma ciki ta fito da burodi da kofin ruwa ta miƙa masa.

Cikin duk yarensu wannan kalma kaɗai ya gane, kuma ta soke shi. Ya san miskini a Hausa, ya san shi a Larabci. Shi ne wanda ke zaune a ƙofar masallaci ana jefa masa abin da ya ragu. Ya ƙetare teku da guminsa, da tsarabarsa, ashe abin da suka gani ke nan? Ransa ya ɓaci, har idonsa ya kawo ruwa. Ya kau da kai daga burodin, ya ɗauki jakarsa, ya kama hanyar gangara. A zuciyarsa ya gama shawara, motar da ta kawo shi ita za ta mai da shi.

Tsohuwar ba ta san zuciya ba. Ta biyo shi tana ta zuba, har ta kama igiyar jakar. Don ya rabu da ita ya ce, "Bito. Vito. Jidda." Ai kuwa sai ta saki ihu. Tagogi suka buɗe, sunan ya bi gida-gida ya hau sama, kafin wani lokaci ga wani tsoho yana gangarowa da sanda, singileti a jiki, yana zage-zage da Larabcin masana'anta.

"Ya Kasim! Majnun! Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Suka rungumi juna. Amma fuskar Alkasim ba ta saki ba, Bito ya lura.

"Mutanenku sun ɗauka bara na zo," in ji Alkasim. "Miskini suka ce mini."

Bito ya yi dariya har sai da ya zauna a matakala. Ya ce a wurinsu kalmar ba ta da ruwa da aljihu. Duk wanda ka ji tausayinsa a ranka shi ne miskinu, ko mai gari ne mura ta kama. "Ni kullum sai tsohuwar nan ta ce mini haka saboda ƙafata. Ango ma ranar aurensa haka suke ce masa, kuma shi ya fi cancanta. Kai ka hau dutsen nan da rana tsaka, da kaya. Me kake so ta ce?"

Kunya ta rufe Alkasim. Ya koma wurin tsohuwar, ya karɓi burodin da hannu biyu, ya buɗe jaka ya cika mata tafi da dabino. Ta ɗanɗana ɗaya, ta lumshe ido, ta jawo hannunsa zuwa ƙofarta. Ranar bai iya ƙirga gidajen da ya sha gahawa ba.

Washegari Bito ya kai shi bayan ƙauyen, inda ake fasa dutsen. Rabin tsauni ne aka yanke, fari tas, teku na ƙyalli can ƙasa. Alkasim ya tsaya baki buɗe. Duk abin da ya ci masa baya da huhu daga nan ya fito, amma bai ji haushinsa ba, kyau ma ya yi masa.

Sai ya hango wani mai hular kwano yana nufo su da sauri. Kafin ya ankara hannunsa ya kai aljihun ƙirji yana laluben iƙama, katin zama da ya saba nunawa duk sanda mai iko ya tunkaro shi. Bito ya riƙe masa hannun a hankali ya sauke.

Mutumin ya iso, ya gaishe su, ya ajiye wata kujerar roba a inuwa, ya goge ta da hannun rigarsa. Ya yi wa Bito wata magana.

"Me ya ce?"

"Ya ce baƙo ya zauna nan, an fi ganin komai."

Alkasim ya zauna. Ya ɗora hannayensa a cinya, ya rasa yadda zai yi da su, sai ya bar su haka nan.