Hasiya da Tukwicin Kifi

Hasiya Siddo shinkafa take sayarwa a kasuwar Gaya. Ba ta da kujera a biron ƙungiyarmu, inda nake aikin akawu, amma duk sa'ad da ƴan Gaya mazauna Turai suka aiko da kwantenar taimako, ita ke tarbo ta tun daga tashar jiragen ruwa ta Kotonu. Ita ke zaman jira a duwan, wurin biyan harajin kaya, ita ke neman kamiyo, wato babbar motar kaya, ita ke faɗa da direba idan ya bar kaya ba tampol.

Shekarar da kogi ya cinye gidajen bakin ruwa a Tunuga, kwantenar ta zo da barguna da gidajen sauro. Muka kai. Kowa ya karɓa sai Baba Yunusa, wani tsohon masunci, alhali jikokinsa a rumfar zana suke kwana, ƙaramarsu Nuriya har zazzaɓi ya fara kama ta.

"Ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba," in ji shi. "Ku kai wa mabuƙata."

Na soma yi masa bayanin ƙa'idar rabo. Hasiya ta dakatar da ni, ta durƙusa gabansa.

"Baba, wa ya ce maka sadaka ce? Bashir ɗan Maigari, wanda ka koya wa jefa taru, da shi aka haɗa kayan nan a Turai. Saƙo ya aiko. Ni kuwa ba na kawo saƙo in koma hannu wofi. Ina tukwicina?"

Tsohon ya dube ta.

"Ke ɗiyar Siddo, har yanzu kwaɗayin nan bai sake ki ba?"

"Shi ya ɗauko ni tun daga Kotonu, Baba."

Ya yi dariya, ya shiga rumfa ya fito da kifi banda a ƙwarya. Ta karɓa hannu biyu, sannan ya karɓi kayan. Kafin mu tashi, surukarsa ta ɗaure gidan sauro bisa tabarmar Nuriya.

Rabin kifin Hasiya ta yi miya da shi, rabi ta naɗe ta ba wani matafiyi ya kai wa Bashir. Tun daga ranar ba ta sauke kaya a gidan kowa sai ta nemi tukwici, ko da albasa ce.

Da muka koma bayan kaka, Nuriya ce ta sheƙo da gudu ta tarbe mu, ɗauke da ƙwaryar tukwici.