Bandar Kifin da Inna Ta Ba Alhajin Jirgi

Ina da shekara huɗu babana ya bar Kalgo zuwa Makka da ƙafa. Uwata ta jira shekara uku, alƙali ya raba auren, ta koma garinsu Malisa. Aka bar ni da kakata, Inna, mu biyu cikin gidan da ya yi mana yawa.

Bayan magariba takan hura wuta da karan dawa, mu zauna. Yaran unguwa ba su zuwa, don tatsuniyarta ɗaya ce. Takan ce, "Ga ta, matso kusa ka riƙe ta." Wani masunci ne ya tashi ganin inda rana ke fitowa. Duk kogin da ya tarar, mai kwalekwale ya ce sai ya yi masa noma shekara guda kafin ya ƙetare da shi. Ya yi, ya haye, ya tarar da wani kogin. In na ce, "Inna, saura kogi nawa?" sai ta ce, "Ɗaya, sarkin gaggawa. Hanya ta, ba ta gajeruwa don kai." Na san babana take nufi, ita ma ta san na sani.

Wata shekara, tun Turawa ba su tafi ba, aka ce wani attajirin Gwandu, Alhaji Bawa, zai je hajji ta jirgin sama daga Kano. Inna ta kwana uku tana bandar kifi. Ta ƙulle a tsumma, muka taka har Gwandu. Ta durƙusa a zaurensa.

"Ranka ya daɗe, in kun cim ma ɗana Umaru bisa hanya, ka miƙa mai. Dogo ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu."

Mutanen zauren suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Inna, ta taga za a jefa mai?" Alhaji ya tsawata musu, ya karɓa da hannu biyu.

Ba a yi wata biyu ba ya dawo, ya aiko mana da ƙullinmu da dabino kaɗan. Muka sake komawa. Ya ce, "Inna, daga sama ba a ganin mutum. Ko gari da ƙyar. Jiya muna Kano, yau muna Jidda."

Inna ta ce, "Jiya da yau?"

Muka tako zuwa gida. Ranar ta hura wuta, na jira, ta ce kanta ke ciwo. Ba ta sake yin tatsuniyar masunci ba har ta rasu.

Na daɗe ina jin haushinta, ina cewa ruɗina ta yi. Yanzu na haura hamsin, karatuna bai wuce elementare ba, amma na gane nisan hanya ne kaɗai uzurin da take da shi na ɗanta, jirgi ya zo ya ƙwace mata. Yau ana cewa mutum ya yi azahar a Kano, ya yi isha a Jidda. Alhazai na dawowa kowace shekara, na tambaya har na gaji. Ban san ko mutuwa ya yi a hanya ba, ko ya samu wuri ne ya manta da mu. Allah Ya yafe mini, in zaɓi aka ba ni, na fi son mutuwar.