Takardar Shaidata a Bangon Gidan Mari

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu bin wannan shafi. A farkon shekarun dubu biyu ni matar aure ce mai shekara ashirin da bakwai a garin Azare, ina da 'ya'ya biyu da keken ɗinki, da kuma takardar difloma ta aikin kula da jin daɗin jama'a wadda na sha wuya kafin na samu. Na yi yawon neman aiki har na gaji, ban samu ba. Takardar tana cikin akwati a ƙarƙashin zannuwana, ni kuwa ina ɗinka wa yaran unguwa kayan sallah. Ba zan ɓoye ba, abin yana cin raina. Ƙawayena da suka yi karatun nas suna fita aiki da fararen kaya, ni ko a gidan biki ba wanda ke tuna cewa na taɓa shiga aji.

A lokacin shaye-shaye ya fara yawa a garinmu. Wasu sholisho suke shaƙa, wasu maganin tari suke kwankwaɗa, wasu kuma ƙwaya, kuma iyaye sun rasa inda za su kai 'ya'yansu. Akwai wani Alhaji, aminin mahaifina tun suna samari, mai shagon kemis a bakin kasuwa. A hannunsa muka taso, Baba muke ce masa. Wata ranar Juma'a bayan la'asar ya zo gidana da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya kama wani gida a bayan gari zai riƙa gyaran masu shaye-shaye saboda Allah, amma mutanen gwamnati idan sun zo za su so su ga akwai mai ilimin abin a wurin. Ya ce in ara masa takardata ya rataye a ofis, da zarar wurin ya tsaya da ƙafarsa ni ce zan zama shugabar masu ba da shawara. Mijina yana zaune, ya ce ai wannan abin alheri ne. Ban tambayi wane likita ne zai riƙa duba mutanen ba, ban tambayi wace hukuma ce ta ba shi izini ba. Kunyarsa nake ji, kuma ina kwaɗayin a ce ni ma wata ce. Na shiga ɗaki na ɗauko masa, har da hotona ƙarami da ya ce a haɗa.

Sau ɗaya tak na je gidan a cikin shekarar farko. Ofishin tsaf yake, da tebur da fanka, ga takardata a cikin gilashi saman kujerarsa. Da na ce ina so in shiga ciki in ga mutanen, sai ya ce ba wurin mace ba ne, maza ne da ba sa cikin hayyacinsu, in bari sai sun natsu. Ina zaune na ji ƙarar ƙarfe yana jan siminti daga bayan wata ƙofa. Na san ƙarar mari, duk ɗan Arewa ya san ta. Amma na ce wa raina wataƙila ƙofa ake gyarawa, na shanye lemon da aka kawo mini na koma gida. Daga nan kullum na tambayi maganar aiki sai ya ce saura ƙiris. A gari kuwa mata sun fara ce mini Malama Likita, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.

Bayan kamar shekara ɗaya da rabi, wata safiya ina kan keke aka yi sallama. Wata dattijuwa ce da wata matashiya mai goyo, ƙafafunsu duk ƙura, da gani daga tasha suke. Dattijuwar ta ce daga Katagum suke, bandar kifi ce sana'arta, wannan kuma matar ɗanta ce. Ta kira cikakken sunana, har da na mahaifina, ta tambaya ko ni ce. Na ce ni ce, Inna. Sai ta kwance bakin zaninta ta fito da wata takarda da ta sha ninki. Fom ne na karɓar majinyaci na gidan Alhaji, a ƙasa an buga hatimi da sunana, an rubuta cewa ni ce jami'ar da ke kula da shi. Har sa hannu aka yi, wanda ba nawa ba.

Ta ba ni labari a tsaye, ta ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa. Ɗanta masunci ne, magidanci mai 'ya'ya uku. Ya fara shan ƙwaya ne don ya iya daɗewa a cikin ruwa lokacin sanyi, har ta kai ba ya iya tashi sai da ita, ya fara sayar da kayan aikinsa. Shi da kansa ya yarda a kai shi magani. Suka kawo shi Azare a kan ƙafafunsa. Wata huɗu ba a bari sun gan shi ba, sai a ce ganin dangi yana mayar da magani baya. Da ta matsa ta ce sai an fito mata da shi ko ta tara jama'a, aka fito da shi ana riƙe da shi. Idon sawunsa biyu sun zama gyambo saboda mari. Harshensa ya yi nauyi, miyau na zuba. Ƙafarsa ta dama kuma jan ta yake yi, domin kullum ana yi masa allurar barci a ɗuwawu, wata ta taɓa jijiya, wurin kuma ya kumbura ya tara mugunya. Yanzu yana kwance a babban asibiti, likitoci sun ce sai sun san irin allurar da aka yi masa da yawanta, Alhaji kuma ya ƙi faɗa. Shi ya sa ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidana.

Na ce mata ban sani ba, ban taɓa ganin ɗanta ba. Ta dube ni, ta faɗi maganar da har yau ban manta ko kalma ɗaya a cikinta ba. Ta ce, “'Yar nan, ni ban iya karatu ba. Hotonki aka nuna mini, aka ce duk mako kina zuwa kina duba su. Da na ga mace ce, na ce uwa ce, ba za ta bari a wulaƙanta shi ba. Don ke na bar shi.”

A ranar na saka mayafi na tafi shagon Alhaji. Na gaishe shi yadda na saba, sannan na tambaye shi sunan allurar. Sai ya haɗa rai ya ce yaushe na girma da zan zo ina tuhumarsa a gaban mutane. Ya ce aikin Allah yake yi, wanda gwamnati ta kasa, kuma ɗan ƙwaya ba ya jin lallashi sai ƙarfe. Ya ce shekararsa talatin yana sayar da magani, babu likitan da zai koya masa allura. Maganar hatimi da sa hannu kuwa, cewa ya yi ai ni 'yarsa ce, abin 'ya na uba ne. Sai da na ce ba zan bar shagon ba ya rubuta mini sunan allurar a bayan kwalin magani ya jefo mini. Kafin in isa gida ya riga ya kai ƙarata wurin mahaifina. Mahaifina ya kira ni ya ce in rufa wa zumunci asiri, ƙaddara ce ta faɗa wa bawan Allah nan. Ban taɓa musu da shi ba a rayuwata, amma ranar na ce masa ƙaddara ba ta buga hatimi da sunana ba.

Likitan da na kai wa kwalin ya karanta ya girgiza kai. Ya ce wannan allura ko a asibiti sai likita ya rubuta, kuma ana lura da mutum bayan an yi masa. Ya tambaye ni matsayina, na faɗa masa gaskiya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce ko da a ce ina zuwa gidan kullum, takardata ba ta ba ni ikon yi wa kowa magani ba. Aikina shi ne zama da mutum da iyalinsa, da sauraro, da shawara, a ƙarƙashin likitan da ya san aikin raba jiki da ƙwaya. Ya ce su likitoci da nas suna da lasisi, wanda ya yi ɓarna ana iya ƙwace nasa, amma mu masu irin karatuna, a iya saninsa, babu rajistar da za a je a duba sunanmu, balle a hukunta wanda ya ari sunan wani.

Ban yarda ba sai da na gwada. Mako uku ina yawo daga wannan ofis zuwa wancan da fom ɗin nan a hannu. Wani ya ce gidan ba asibiti ba ne, don haka ba huruminsu ba ne. Wani ya ce su shagon magani suke dubawa, ba gidan zama ba. Wani ya ce in rubuto a rubuce a aika Bauchi, na rubuta, har yau ban ji amsa ba. Wani kuma ya rage murya ya ce in yi hankali, tunda sunana ne a takardar, in an tono ni za a fara kamawa. Edita, a garin da direba ba ya hawa titi da fasinja sai da lasisi, a garin da ake duba nama a mayanka kafin a kai shi kasuwa, a nan ne mutum zai kulle magidanta a ɗaki, ya ɗaure su da ƙarfe, ya riƙa tsira musu allura, a rasa ofis ɗaya da zai ce wannan aikina ne! Da shanu aka yi wa haka, wallahi da makiyaya sun tayar da garin.

Da na ga babu mai yi, na je gidan da kaina lokacin da na san Alhaji yana kasuwa. Na hau kujerarsa na ciro takardata daga bango. Sannan na tura ƙofar nan da na ƙi tambaya a kanta tun farko. Mutum tara na ƙirga a ɗaki biyu, yawancinsu bibbiyu a mari ɗaya, ga bokiti a lungu. Wani mai furfura a gemu ya ɗago ya dube ni, ya tambaya ko ni ce Malamar da aka ce za ta zo. Na tambayi garuruwansu, na bi na aika wa danginsu saƙo ta hannun direbobin tasha, zuwa Shira da Itas da wasu ƙauyuka. Biyar aka zo aka ɗauke. Dangin sauran suka ce gara can da su dawo su addabe su. Bayan mako guda aka gaya mini Alhaji ya rataye fotokwafin takardata a inda ta asali take. Gidan ya ƙara shekara biyu yana aiki, kuma ba hukuma ce ta rufe shi ba, shi ne ya samu harkar taki ta fi masa. Har ya rasu ana kiransa mai taimakon al'umma.

Masuncin ya rayu, ya kuma rabu da ƙwaya a hannun likitocin asibiti, amma ƙafar ba ta dawo ba. Bai sake shiga ruwa ba. Na je Katagum sau biyu, na same shi a zaune a ƙofar gida yana gyara wa wasu komar kamun kifi. Shi ya ce ya yafe mini. Mahaifiyarsa ta amsa gaisuwata, ta juya ta ci gaba da bandar kifinta, kuma ban ga laifinta ba.

Ina jin haushin Alhaji, ina jin haushin ofisoshin da suka yi ta mayar da ni kamar ƙwallo, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na ji ƙarar mari na sha lemo. Don haka ina roƙon duk wanda ya yi karatu: kada ka ara wa kowa takardarka, ko da shi ya yi maka huɗuba ranar da aka haife ka, domin abin da za a aikata da sunanka kai za a tambaya, a nan da gobe kiyama. Ku kuma iyaye da matan da shaye-shaye ya shiga gidanku, na san kun gaji, amma kada gajiya ta sa ku miƙa mutum ga takardar da ke bango. Ku ce a kira muku mai takardar ku gan shi da idonku. Ku tambayi wane likita ne ke zuwa, kuma wace hukuma ce ta ba su izini. Ku ce a nuna muku ɗakin da zai kwana. Duk inda aka ce ba a shiga, ku kama hannun ɗanku ku juya da shi gida.