Ƙorafin Tsohuwar Ɗakin Kusa da Namu

Muna zaune a wani dogon bene a Cheras, wata unguwa a ƙasar 'yan Malay, maigidana yana digirinsa na uku, ni ina gida da yara, aka yi faɗa a wurin ajiye motoci tsakanin wasu samari 'yan Afirka da 'yan gari. Bayan 'yan kwanaki kwamitin benen ya rataya ƙyalle a bakin get. Karatuna a firamare ya tsaya, amma na gane kalmar Afirka da jan gicciyen da ke kanta. Maigida ya ce nufinsu kada a sabunta wa baƙar fata haya. Tamu kuwa ta kusa ƙarewa, ga babban ɗanmu ya saba da makarantar da ke bayan benen.

Na rasa sukuni. Na daina sa daddawa a miya, na hana yara gudu a ɗaki, na koma bin matakala don kada in takura wa wani a lif. Kullum ina lissafin abin da na yi wa mutane, ban samo ba.

"Ke, ba da ke suke ba," in ji maigida.

"To da wa suke, Malam? Ni fara ce?"

Ɗaliban da ke benen suka kai ƙara, hukumar birni ta turo wata jami'a 'yar Malay, aka tara mu a zauren ƙasa. Maigida yana fassara mini a kunne. Ta ce hukuma ba ta yarda a kori mutum don launinsa ba, a sauke ƙyallen. Wanda ke da ƙorafi ya faɗi ɗakin, ya faɗi laifin.

Sai tsohuwar ɗakin kusa da namu, wata 'yar Sin mai dogara sanda, ta nuna ni.

"Takalma lah!" ta ce, da irin ƙarashen maganar 'yan garin. Wai duk Juma'a baƙinmu suna zube su a baranda, sau nawa ta kusa faɗuwa.

Gaskiya ta faɗa. Matan ɗalibai a ɗakina suke taruwa, kowace da 'ya'yanta. Na miƙe, na ce, "Anti, ki yi haƙuri. Boleh, zan gyara." Boleh a yarensu wato zai yiwu. Wallahi sanyi na ji, domin wannan laifi ne da hannuna zai iya gyarawa.

Washegari na sayo kantar takalma na manna ta da bango. Ranar Juma'a tsohuwar ta fito ta auna hanyar da sandarta, ta wuce abinta.

Har yanzu akwai masu kau da kai a lif. Amma mai ɗakin ya sabunta mana hayar, na je na sai wa yaron kayan makaranta na sabon zango.