Ruwan da Muka Tasa daga Gidansa

Duk abin da zan manta a aikin duba-gari, ban da ranar da aka aike ni da sammaci gidan Inna Delu. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku matso ku ji.

Zamanin soja ne, lokacin da ake sharar gari duk ƙarshen wata, tun Rogo tana ƙarƙashin Karaye. Ina ƙaramin ma'aikaci a wani gari na kan hanyar Rogo, ba sai na faɗi suna ba. Aikinmu shiga gida-gida, mu leƙa randa, mu duba rariya da masai. In mun sami kwantaccen ruwa, gargaɗi ne da farko. In mun dawo mun tarar da shi, sai sammaci, sai tara.

A bakin titin garin akwai wani tsohon kududdufi. Ba wanda ya haƙa shi da niyya. Tun kaka da kakanni, duk mai son gina ɗaki nan yake ɗibar ƙasa, har rami ya zama rami. Rariyar kowane gida a unguwar can ta nufa. Da damina ya cika, shanun da ake korowa daga garin Zoza su sha ranar kasuwa. Da rani ya ƙafe, magina su koma ciki.

Sai ga sabon tsari daga sama: a yanka gefen titi fuloti-fuloti, shago a gaba, gida a baya, har da wurin masu walda da injin niƙa. Kududdufi kuwa a cike shi. Ofishinmu ne ya rubuta cewa matattarar sauro ne, kuma wallahi ba ƙarya muka yi ba. Gari ya ɗauki murna. Inna Delu, wata tsohuwa mai daddawa da gidanta ke gangare bayan ramin, har guɗa ta rangaɗa mana. Ta ce, "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yan nan! Kwaɗin nan tun ina amarya suke hana ni barci."

Tifa ta yi ta juye shara, aka bi da marmara, masu awo suka kafa turaku, gini ya tashi. Duk wannan da rani aka yi shi, lokacin da ba ruwan da zai ce uffan. Shugaban sashenmu ya sha yabo har kansa ya yi nauyi.

To, damina ba ta karanta tsari. Da marka ta kankama, ruwa ya fito ta rariyoyi kamar kullum, ya nufi inda ya saba, ya tarar da bangon siminti. Sai ya juya, ya bi gangare, ya shiga unguwa. Ɗakin girkin Inna Delu ya zauna. Saura ɗaya, wanda take kwana a ciki, shi ma gindinsa ya jiƙe sharkaf. Sauron da a da yake da mazauni guda, yanzu kowane tsakar gida ya samu rabonsa.

Shugaba ya kira ni. Ya ce, "Malam Garba, an yi mana magana kan sauro. Duk gidan da ruwa ya kwanta, a kai sammaci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ruwan nan..."

Ya ce, "Doka ta tambayi inda ya fito? Kwantacce dai ta ce."

Na isa gidan Inna Delu, na naɗe ƙafar wando, na yi sallama. Na tarar da ita tsaye cikin ruwa har ƙauri, tana kwarfa da ƙwarya. Bakin da ya saba gaisuwa ba ya duba wuri, sai na ji na ce, "Ina kwana, Inna? Ya ruwa?"

Ta ce, "Ruwa ya yi gyara."

Sannan ta hangi takardar hannuna. Ta ajiye ƙwaryar, ta ce, "Tara ce? To, ɗan nan, na yi guɗa, ban musa ba. Amma ruwan nan da gidansa. Ku kuka tashe shi, ya rasa masauki, ya sauka wurina. Baƙonku nake riƙe muku. In ya kayar mini da ɗakin nan, wurin wa zan sauka ni?"

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Na cusa takardar a aljihu, na karɓi ƙwaryar.

Ɗakin ya kai kaka da ƙyar, an tokare shi da itace. Da rani maƙwabta suka yi gayya don gyara mata. Ina za a sami ƙasa? Sai suka haƙi wani fili ƙasa da gidanta. Duk wanda katangarsa ta faɗi, shi ma nan ya ɗiba. Kafin wata damina rami ya samu, ruwa ya sami masauki, tsakar gidan Inna ya bushe. Kwaɗi suka dawo, ta ce ba ta taɓa jin waƙa mai daɗin tasu ba.

Ana nan aka kawo mana sabon shugaba. Zagayen farko ya tsaya bakin ramin, ya toshe hanci, ya ce, "Fili mai kyau haka an bar wa sauro? Malam Garba, rubuto mini rahoto a cike shi."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: kafin ka tashi abu daga wurinsa, ko ruwa ne, tambayi gidan wa zai kwana. Rahoton kuwa, har Inna Delu ta rasu a ɗakinta, har na yi ritaya, ina nan ina rubuta shi.