Wane Ne An?

Jirginmu ne ya jefa mana bam. Ba na abokan gaba ba, namu. Ranar ba ta taɓa fita daga kaina ba, don can na baro ƙafata ta hagu.

Lokacin ina kaporal, ina tuƙa motar sintiri a yankin Madarunfa. Damina ce, gero ya kai ƙirji. Ɓarayin daji suka kore shanu kudu da Gabi, aka tura mu, aka kira jirgi ya taimaka. Shugaban motarmu Sarja Ila ne, mutumin Ɗan Issa.

Ga ƙa'idar, don ku sababbin sojoji. In jirgi zai zo, kowace mota tana ɗaura jan ƙyalle bisa rufinta. Matuƙi sai ya zagaya ya duba. In ya ga ja, namu ne. Ba ya sakin komai sai ya yi wannan zagayen.

Ni da Ila muka ɗaura namu. Ya ce, "Ja da kyau, Kaporal. Da wagga fuska taka, ko ni ne a sama sai in ce ɓarawo ne."

Na ce, "Shef, kai kuwa ko shanun sun fi ka kyau."

Jirgi ya zo da hantsi. Bai zagaya ba. Na ji ƙara, na farka a gadon likita a Maraɗi. Ila da mutum biyu sun rasu.

Manya suka yi ta zuwa duba ni, kowa da magana ɗaya: an yi kuskure. Sai mahaifin Ila, Malam Isufu, ya zo da sandarsa ya zauna kusa da gadona. Shi ya gaya mini abin da ake faɗa: wai Sarja Ila ya yi sakaci, bai ɗaura ƙyalle ba. Iyayen sauran biyun sun daina gaishe shi a kasuwa.

Ya ce, "Ɗana, kada ka ɓoye mini. Yarona ne ya kashe ɗiyan mutane?"

Na ce, "Baba, ba shi ba ne."

"To wa zai faɗa?"

"Ni."

Da na fara tafiya da sanduna aka kira ni gaban masu bincike. Wani kolonel ne shugaba. Matuƙin yana zaune gefe, liyetina ne, ƙaramin hafsa, matashi, kansa a ƙasa. Na faɗi abin da na sani. Suka ce mota ta ƙone, ba a ga ƙyalle ba. Kolonel ya ce, "Kaporal, yaƙi ne. An yi kuskure, sai haƙuri."

Na ce, "Mon kolonel, ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ina da tambaya. Tun ina kwance nake jin An. An yi kuskure, an saki bam, an rasa mutane. Wanga An, galo nawa gare shi a kafaɗa? Ɗan wane gari ne? A kawo shi in gan shi."

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta. Wani kapiten ya ce, "Kaporal, kula da bakinka."

Na ce, "Mon kapiten, ƙafa ta tafi, baki ne ya saura. In mai rai ne, sai ku ce An. In matacce ne, kun san sunanshi har da na ubanshi. Ila ya ɗaura ƙyalle. Ni na riƙe mashi igiya."

Sai liyetinan ya miƙe. Kapiten ya ja hannun rigarsa, liyetinan ya fizge.

Ya ce, "Mon kolonel, ni ne. Ana ta cewa a radiyo ɓarayi za su tsallake iyaka, na yi sauri, ban zagaya ba. Bayan na saki, na juyo, na ga jan. Yana bisa motar."

Kolonel ya dube shi. Sannan ya ce wa mai rubutu, "Sa yadda ya faɗa."

Aka hana shi tashi da jirgi, aka kai shi kotun soja, aka rage masa galo. Aka wanke Ila.

Kafin a tafi da liyetinan ya same ni a waje, yana neman gafara. Na ce, "Mon liyetina, ƙafata na yafe. Amma akwai tsoho a Ɗan Issa. Abin da ka faɗa a ɗaki bai kai kasuwa ba."

Ya roƙi izini, aka ba shi, muka tafi tare ranar Juma'a. Malam Isufu ya aika aka kira iyayen sauran biyun. Liyetina ya tuɓe takalmi, ya zauna kan tabarma a ƙofar gida, mutanen unguwa na tsaye. Ya ce, "Baba, ɗanka bai yi sakaci ba. Ni na yi."

Tsohon ya ce, "Ɗaga murya, ɗana. Na baya ba su ji ba."

Ya ɗaga. Malam Isufu ya ce, "Allah ya ji, mu ma mun ji." Iyayen sauran biyun suka taso suka ba tsohon hannu. Ranar na ga tsohon ya tafi masallaci a tsakiyar hanya, ba ta gefen katanga ba.

Abin da na koya kaɗan ne. A aikinmu kuskure yana kisa, kuma zai sake yi. Wanda ya yi shi ya ce ni ne, ana iya sake zama da shi. Wanda ya ɓuya bayan An, kada ka shiga mota yana sama.

Yanzu ina Madarunfa, ina gyaran babura kusa da tasha, da ƙafar roba. In Malam Isufu ya shigo gari, a rumfata yake ajiye sandarsa.